Ƙyallen Baba da Injin da Bai Iya Dogon Ƙirge Ba

Idan ka ba yayata Mansura abu ta riƙe maka, to ka yi masa kallon ƙarshe, don ba za ka same shi yadda ka bar shi ba. Tana 'yar ƙarama ta kwance rediyon Babanmu kaf, wai tana son ganin inda mai labarai yake zama. Ta sha faɗa, ta share hawaye, ta koma ta haɗa shi, ya kuma yi magana. Ƙusoshi uku ne suka rage a hannunta, ta ce dama banza aka sa su. Ni ne Bala, ƙanenta, direban bas tsakanin Gusau da Funtua, kuma tun daga lokacin na koyi ɓoye kayana.

Babanmu, Malam Yari, mai aikin riga ne a Bungudu. Duk wanda ya san babbar riga a wannan yanki ya san hannunsa. Ya yi wa 'yan kasuwa, ya yi wa malamai, ya yi wa angwaye da ba su iya saɓa riga ba ma. Amma shi kansa ban taɓa ganinsa cikin riga mai aiki ba. Kullum wata tsohuwar jamfa ce da zare ya manne mata ko'ina. Ya so in gaje shi, ni kuwa zaman wuri ɗaya ba ya cikin jinina, na tsere tasha. Mansura ce take zama kusa da shi tana zura masa zare a allura, amma bai taɓa miƙa mata ƙyalle ba. Cewa yake allurar riga ta maza ce.

Akwai wani ƙyalle da yake ajiye a ƙasan akwatinsa, fari, saƙar hannu. Innarmu ce ta kaɗa zarensa, ƙanen Baba na Karakkai ya saƙa shi, kuma duk su biyun sun riga mu gidan gaskiya. Wannan ƙyallen Baba ya ware wa kansa. Ya zauna ya zana masa adon babbar riga da tawada, aska takwas da tambari, da wasu ƙulle-ƙulle da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ce idan ya rage aikin mutane zai ɗinka abinsa. Aikin mutane bai ragu ba, ido ne ya tafi. Ya bar shi da ƙyalle da zane, tawadar tana kodewa a hankali cikin akwati. Yakan fito da shi ya shafa, ya ninke ya mayar.

Ita Mansura ta yi karatun kwamfuta a kwalejin fasaha, ta auri Malam Abubakar Sadiƙ, malamin firamare, suka zauna a Gusau. Da aka yi mana jiha a 1996 gari ya cika da masu neman a buga musu takarda, ta sami gurbi a wani shago tana bugawa. Ba ta daɗe ba ta gaji. Ta ce min kamar ka ɗauki direba ne ka sa shi wankin taya.

Shekara ta gaba ta ji labarin wani inji a Tsafe. Mai shi, Malam Mamman, ya yi aiki a wata masaƙa da ta rufe, aka sallame shi da injin yi wa tufafi ado, da wata tsohuwar kwamfuta, da allon da ake bin zane a kai. Ni na ɗauko mata su. Sai da na cire kujerun baya, kuma har yau bayana yana tuna min.

Bari in faɗi yadda abin yake, kamar yadda ta cusa min shi a kai. Asalin injin, wata doguwar takarda mai huji-huji yake karantawa. Kowane layin huji yana gaya wa allura inda za ta taka. Takardar ta daina samuwa tun tuni, sai wani injiniya a masaƙar ya rubuta wani tsari a kwamfuta wanda yake kwaikwayon takardar. Kwamfuta tana aika zane ta waya, inji yana karɓa, yana zaton takardarsa ce ta da. Wannan tsarin shi ake ce wa emuleta. Na ce mata ashe dai yaudarar inji kike yi. Ta ce eh, kuma ya fi ni saurin ganewa.

A zauren gidansu ta kafa shi. Ta fara da wuyan kaftani da bakin aljihu da ƙananan furanni na mayafi, aiki ya karɓe ta. Teloli suka riƙa layi. Mijinta ya sayo ƙaramin janareta, ya koma cin abinci da ƙarar inji a kunne. Ni dai na san ba kaftani ne a ranta ba, don duk zuwanta Bungudu idonta yana kan akwatin nan.

Wata Juma'a na kai ta, ta durƙusa ta faɗa wa Baba abin da take so. Ta ce ya ba ta ƙyallen ta ɗinka masa, ya sa da Babbar Salla.

Baba ya juyo da kunne. "Mi kic ce? Ƙarhe za shi bi zanena?"

"Zai bi, Baba."

"In ya ɓata hwa? Uwarki za ki tasa ta kaɗa wani zare?"

Mansura ta kalli akwatin. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don gaskiya ya faɗa, babu wani ƙyallen bayan wannan. Can ta ce to ya bari ta kwafi zanen a takarda kawai, ta gwada a akoko, yadin nan mai araha. Idan ya shafa bai gamsu ba, magana ta mutu. Ya yarda da wannan, har da 'yar dariyarsa. Ta shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan ƙyallen a tsakar gida, ta bi layin tawada ɗaya bayan ɗaya, wani wurin sai ta kanne ido kafin ta ga inda ya bi.

Shigar da zanen cikin kwamfuta ya ci mata lokaci mai tsawo. Da ta gama ta ce min takun allura ya haura dubu ɗari, alhali wuyan kaftani mafi girma da ta taɓa yi bai kai dubu ashirin ba. Aka ɗaura akoko, aka kunna. Inji ya ci wuya, ya gangaro askar farko, ya shiga tambari, abin gwanin kyau. Ina cikin cewa ai shi ke nan, sai ya tsaya cak, ya yi wani ɗan kuka, ya kama ɗinka wuya daga farko a tsakiyar tambarin. Zare ya hau zare, allura ta karye, akoko ya ɓarke. Na tuna ƙyallen Baba, na gode Allah da ba shi aka ɗaura ba.

Ta sake sabon akoko. A daidai wurin nan ya sake yi. Ta canza allura, ta canza waya, ta zuba mai, duk a banza.

Labari bai kwana ba ya isa Bungudu, kuma ba zan ce ban san wanda ya kai shi ba. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya riƙa gaya wa abokan hirarsa a ƙofar gida cewa zanensa ba ya yarda da ƙarfe. Kafin a jima magana ta zama wai akwai asiri a tambarin, kakanninmu suka ɗaure shi. Har wani dattijo ya aiko da turare a yi wa injin hayaƙi. Mijin Mansura ya karɓa da ladabi, ya turara rigunansa da shi.

Ita ba ta kula kowa ba. A gwaji na gaba ta bar kallon allura, ta zauna tana kallon lambar da ke gudu a kusurwar gilashin kwamfuta. Da inji ya haukace ta miƙe ta ɗauki mayafi.

"Bala, tada mota. Tsafe za mu."

Muka sami Malam Mamman a gefen titi yana gyara famfon ban ruwa. Ta ce masa lambar tana kaiwa dubu talatin da biyu da ɗari bakwai da sittin da bakwai sai ta juye, ta koma ƙasa da sifili.

Ya kama baki. "Af! Ai na manta ban gaya miki ba. Iyakarshi ke nan. Mu da munka yi aiki da shi, in zane ya yi girma tsinka shi mukai gida-gida. A ɗinka wanga, a tsaya, a ɗora wancan."

"Ba a ganin mahaɗar?"

"Ana gani kaɗan. Amma wa ka dubawa?"

Ni da ita muka haɗa ido. Mun san wanda zai duba, kuma ba da ido ba, da yatsan da ya shekara arba'in yana bin zare. Ta tambaye shi ko injiniyan nan ya bar asalin rubutun da ya gina emuletar da shi. Malam Mamman ya shiga gida ya daɗe, ya fito da wata leda cike da faya-fayen fulofi na kwamfuta, wasu gara ta taɓa kwalinsu. Ya ce ta tafi da su duka, shi bai san na ci da na zubarwa ba.

A hanyar dawowa na ce ta yi min bayani da Hausa. Ta miƙo hannu ta ƙwanƙwasa mitar motata.

"Nawa ta nuna?"

"Dubu goma sha ɗaya da wani abu."

"Wannan akwalar taka, tafiyar da ta yi ke nan a duniya?"

Na ce a'a, ta cika ta koma sifili, gidajen lamba biyar gare ta, ba ta da inda za ta sa ta shida. Ta ce to haka emuletar take. Wanda ya rubuta ta ya ba ƙirgen ɗan ƙaramin gida, don bai taɓa tunanin wani zai kawo zane irin na Baba ba. Idan gidan ya cika sai lamba ta juye, kwamfuta ta zaci an dawo farkon takarda, ta fara aika wuya. Na ce ashe motata ce ta warware matsalar. Ta ce in kalli hanya. Har gobe dai ina gaya wa mutane a tasha cewa da ni aka yi.

Sanin ciwon daban, maganinsa daban. Rubutun yana cikin faya-fayen, amma mai shi ya rubuta shi ne don kansa, babu bayani ko ɗaya. Ta zauna tana bin sa layi-layi, tana neman duk inda aka ajiye ƙirgen, tana faɗaɗa masa gida. Teloli suka fara ƙorafi, ta ba su haƙuri. Da ta ga kamar ta gama, aka ɗaura akoko. Inji ya zo wurin da yake mutuwa ya wuce abinsa. Na yi kabbara, mijinta ya tafi sayo lemo. Kafin ya dawo, lamba ta haura dubu sittin da biyar, inji ya sake kama wuya a kan aska ta biyar.

Ranar ce kaɗai na ga Yaya ta kifa kai a kan tebur. Salla ta matso, an fara kawo raguna kasuwa. Na ce mata ko dai ta bi shawarar Malam Mamman ta tsinka shi, ai ba laifi ba ne. Ta ɗago da jan ido ta ce, "Mutumin da bai taɓa ba kowa riga mai tabo ba, shi zan ba mai tabo?"

Ashe akwai wani gidan ƙirgen a ɓoye, a wurin da ake ɗebo zanen daga faifai, ninkin na farko, shi ma yana cika. Kuma tsohuwar kwamfutar so take ta haɗiye zanen duka lokaci ɗaya, cikinta kuwa bai kai ba. Mansura ta rushe wannan ɓangaren ta sake gina shi. Ta sa kwamfutar ta riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan, tana riƙe da inda ta tsaya, inji yana cin na hannu ana ɗebo masa na gaba, ba tare da ya ji an tsaya ba. Ta kuma sa mata doka: idan lamba ta taɓa ja da baya, a tsayar da allura nan take, kada a ɗinka ko taku ɗaya. Ta ce wannan don ƙyallen Inna ne.

Akoko na gaba ya fita lafiya daga wuya har ƙarshe. Ta sake wani, shi ma haka. Na ɗauka na kai Bungudu. Baba ya baza shi a cinya, ya bi shi da yatsa tun daga sama, ya daɗe a kan tambari yana neman mahaɗa. Fuskar nan a ɗaure. Daga ƙarshe ya ce akoko ba ƙyalle ba ne. Sai kuma ya ce a ɗauko masa sandarsa da akwatin, da kansa zai je Gusau.

A gaba na zaunar da shi, akwati a cinyarsa, bai yarda an sa shi a bayan mota ba. Lokacin ana fama da wahalar mai, babu tabbas a wuta, don haka da muka isa na zuƙe abin da ke tankin motata na juye wa janareta. Gudummawata ke nan, ita da mita.

Da hantsi aka ɗaura ƙyallen. Mansura ta saita allura a kan ɗigon tawadar farko, ta yi bismilla ta danna. Baba ya sa aka matso masa da kujera, ya ɗora tafin hannu a gefen injin. Ba ya gani, amma yana jin tafiyar allurar a hannunsa.

"Ya gama wuya," ya ce can. "Yanzu shina gangarowa." Kuma haka ne.

Da aka shiga tambari Mansura ta zuba wa allura ido. Ni lambar nake kallo. Dubu talatin da biyu da ɗari bakwai ta zo, ta wuce kamar ba a taɓa faɗa a wurin ba. Baba ya ce, "Nan ne yake hwaɗuwa, ko?" Mansura ta ce nan ne. Ya gyaɗa kai. Aka tsaya aka yi azahar, aka canza zare, aka ci gaba. Dubu sittin da biyar ma ta zo ta wuce. Daga nan na kasa zama, na riƙa zagaye zaure ina leƙa tankin janareta. Bayan la'asar inji ya yi takun ƙarshe ya ɗaga allura da kansa.

Mansura ta kwance ƙyallen ta ɗora masa a cinya, ta durƙusa a gabansa. Ya fara bi. Wuya, aska ta ɗaya, ta biyu, tambari. Yatsa yana tafiya, baki yana motsi. A aska ta bakwai ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi.

"Akwai kuskure," ya ce.

Na juya na kalli Yaya.

"Hancin wagga aska ya karkace. Ya kauce wa 'yar'uwatai."

Mansura ta ce a hankali, "Na gani, Baba, tun ranar da nake kwafa. Haka tawadar ta bi. Da na so da na miƙe shi, ba wuya. Sai na ga ba ni aka ce in zana ba."

Baba ya sake bin wurin da yatsansa. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauya. Ya ce ya tuna. Wannan askar ce yake zanawa ranar da ya fara ganin alƙalami biyu a hannunsa, ya rasa wanne zai bi. Bai gaya wa kowa ba, ko Inna. Ya ƙarasa ta takwas da ƙyar ya ninke ƙyallen.

Mansura ta ce idan yana so a warware wurin a gyara.

"Kul!" ya ce, ya rungume ƙyallen a ƙirji. "Ashe dai hannuna ne. Ƙarhen naki bai ƙara ba, bai rage ba." Sai hawaye. Ni da nake taƙama da taurin zuciya na fita waje wai zan kashe janareta, na tsaya a can har na gama nawa.

Tela ya haɗa ƙyallen ya zama riga, ranar Salla kuma ni na saɓa masa ita, don shi mai yi wa mutane bai iya ɗaukar tasa ba. Na riƙe masa hannu zuwa filin idi. Tafiyar da ba ta da nisa ta ƙi ƙarewa, saboda kowa sai ya tsaya ya taɓa. Da yawa daga cikinsu rigunan da ya ɗinka musu ne a jikinsu, wasu sun koɗe. Dattijon nan mai turare ya kama hannun rigar yana juyawa, ya ce, "Malam Yari, ashe ido ya dawo? Wane maɗinki ne wanga?"

Baba ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda na sahun baya za su ji.

"Uwarta ta kaɗa, ƙanena ya saƙa, ni na zana. Ɗiyata Mansura ta ɗinka."

Bayan Salla teloli suka koma kawo mata manyan riguna, har daga Funtua ake ba ni saƙo. Ta kwafi emuletar da ta gyara a faifai ta kai wa Malam Mamman, shi kuma ya raba wa tsofaffin abokan aikinsa masu irin injin. Baba ya koma zuwa Gusau duk ƙarshen wata. Yana zama a kujerar nan, hannu a gefen inji, duk rigar da ta fito sai ta bi ta cinyarsa kafin a ba mai ita. Yakan yi mita, ya ce zaren zamani ba shi da nauyi. Amma wata rana ina sauke kaya na ji shi yana ce mata ta kawo yatsanta. Ya ɗora shi a kan tambarin rigarsa, ya fara nuna mata ta inda ake shiga ƙullin da bai taɓa koya wa kowa ba.